Zizar Tsirkiya a Jitar Lantarki: A Saurara Kafin a Ɗauki Magagari

Duk mai koyon kaɗa jitar lantarki, ko a Agadas yake, ko a Zariya, ko a Landan, akwai wata rana da ba ya tsallake ta. Ita ce ranar da zai danna tsirkiya ya kaɗa, maimakon sauti ya fita tangaran, sai wata 'yar ƙara ta biyo baya, zizzz, kamar ƙuda ya faɗa cikin kwalba. Ya sake dannawa, ta sake fitowa. Daga nan sai ɗayan abu biyu ya faru. Wani ya yanke wa kansa hukuncin cewa hannunsa ba na kiɗa ba ne, ya jingine jitar a bayan ƙofa har ƙura ta binne ta. Wani kuwa jitar yake ɗora wa laifi, ya ɗauko magagari da filaya ya hau gyara, garin neman gira ya rasa ido. Dukansu sun yi asara, na farko ya yi asarar fasahar da wataƙila tana tattare da shi, na biyu ya yi asarar kayan da ya daɗe yana tara wa kuɗi.

Abin da nake son in jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, wannan ziza tana da dalilai ƙididdigaggu, kuma ita da kanta take nuna inda cutar take ga wanda ya tsaya ya saurara. Gyaranta yana da tsari: a fara da abin da ba ya cin ko sisi, a bi da abin da za a iya mayarwa yadda yake in an kuskure, sannan a bar abin da ba ya komawa ga gwani.

Me ya kawo maganar jita a nan?

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan Bahaushe da jita? Amsar tana maƙwabtaka da mu. Shekaru arba'in da suka wuce zuwa yau, Buzaye sun mayar da jitar lantarki tasu, har duniya ta san wani salo da ake jingina wa hamadar Sahara. Ƙungiyar Tinariwen ta arewacin Mali ta karɓi kyautar Grammy a 2012. Bombino, wanda ya tashi a Agadas, kundinsa Deran na 2018 ya kai shi jerin masu takarar wannan kyauta. Shi kuwa Mdou Moctar, ɗan Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008. Matasan da ke kallon waɗannan mutane a wayoyinsu, a Tawa da Damagaram da Kano da Jos, suna sha'awar bin sawunsu, kuma akasarinsu da jitar gwanjo suke farawa, wadda ta ratsa teku da hannuwa da yawa ba tare da kowa ya daidaita ta ba. Irin wannan jita da wuya ta rasa ziza.

Akwai kuma wani abin lura. Kunnen Bahaushe ba ya ƙyamar ziza a kiɗa, hasali ma nemanta yake yi. Makaɗanmu na garaya da molo sukan ɗaura ceba a ƙarshen wuyan abin kiɗansu, wato ɗan faifan ƙarfe mai zobba, domin kowane bugu ya fito da caccakar ƙarfe a bayansa. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da irin wannan amo aka san shi. Masu kallon finafinan Indiya ma sun saba da sautin sitar, wanda da gangan ake sassaƙa mazaunin tsirkiyarsa domin ta riƙa gogarsa tana ziza. To me ya sa abin da yake ado a garaya ya zama aibi a jita? Dalili shi ne, ceba ƙari take yi a kan sauti, ba ta taɓa tsirkiya. Zizar jita kuwa daga jikin tsirkiyar take ci. Kowane karo da tsirkiya ta yi da ƙarfe yana rage mata ƙarfi, sai sautin ya mutu da wuri, alhali jan sauti ya daɗe yana amo shi ne abin da jitar lantarki ta yi fice da shi.

Sunayen sassa da asalin ƙarar

Kafin a yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan sunaye, domin wanda bai san sunan abu ba, ba ya iya faɗa wa mai gyara inda ke ciwo. Jita tana da gangar jiki da wuya da kai. A kan wuyan an dasa siraran ƙarafa a gicciye, 21 ko 22 ko 24, waɗanda makaɗa ke kira firet. Ni zan kira su ƙarafan gaɓa, domin sun raba wuyan gaɓa-gaɓa kamar rake. Tsirkiyoyi shida suna zaune a kan mazauni biyu. Na ƙasa, wanda ke kan gangar jiki, shi ne abin da makaɗan gargajiya ke kira jaki, don haka mu ce masa jakin ƙasa. Ƙaramin da ke tsakanin wuya da kai, mai tsagogi shida, mu ce masa jakin sama. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu naɗe da waya, shi ke ɗaukar motsinsu ya aika wa amfilifaya. A cikin wuyan kuma, inda ido ba ya gani, akwai wata doguwar sandar ƙarfe mai noti a bakinta. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson na Amurka, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistar wannan dabara a 1921. Aikinta shi ne ta yi tsayayya da jan tsirkiyoyi, waɗanda a matsakaicin kauri suke jan wuya da nauyin da ya kai kimanin kilo 45, dare da rana.

Idan aka kaɗa tsirkiya, lilo take yi da sauri. Mafi kauri a cikin shidan tana kai da komo kimanin sau 82 a daƙiƙa guda, kuma lilon ya fi faɗi a tsakiyar tsawonta, ya ƙuntata a bakunan biyu. Muddin akwai isasshen fili tsakaninta da ƙarafan gaɓa, sauti zai fita garau. Da zarar filin ya gaza, sai ta riƙa tsattsagar ƙarfen da ke gabanta a kowane zagaye. Ɗaliban ilimin furuci za su gane abin nan take, domin haka harshe yake yi wajen furta ra-gare: tsinin harshe ya yi ta bugun hanƙa da sauri har bugun ya haɗu ya zama ƙara ɗaya. Saboda haka tambayar da mai koyo zai yi wa kansa ɗaya ce tak: a ina ne filin ya gaza, kuma me ya cinye shi?

Matakin farko: kunne

Ba kowace ƙara ce zizar gaɓa ba. Akwai gurnanin lantarki, wanda ke fitowa daga lasifika ko da ba a taɓa tsirkiya ba. Wannan daga wuta yake, domin wutar Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma maganaɗisu mai naɗi ɗaya yana ɗaukar wannan juyi, balle in ana kan janareto, ko wayar haɗi ta tsufa, ko gidan ba shi da wayar da ke sauke wuta a ƙasa. Don maganin wannan ne Seth Lover ya ƙera maganaɗisu mai naɗi biyu, wanda Gibson ya fara sa wa jitocinsa a 1957. Gwajin mai sauƙi ne: a zare waya daga jitar a kaɗa ta haka nan. In ƙarar ta ɓace, matsalar ta wuta ce, ba ruwan wuya.

Akwai kuma kwaramniyar sassan da suka saki: notin maɗaurin tsirkiya a can kai, ƙusoshin faifan robar da ke gaban jita, maratayin ɗamara, ko sifirin da ke cikin bayan wasu jitoci. A kaɗa tsirkiya, a riƙa ɗora yatsa a kan waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙarar ta ɗauke, nan ne, kuma sukundireba kawai yake bukata.

In an tabbatar zizar gaɓa ce, sai a mayar da waya a saurara ta lasifika. Jitar lantarki an yi ta ne tsirkiyoyinta su zauna kusa da wuya, don haka 'yar ziza kaɗan da ake ji a jikin itace, amma ba ta fita ta lasifika, ba ta kuma kashe sauti, ƙwararru da yawa ba sa kula ta. Mai koyo da ya ce sai ya kawar da ita ƙaf, zai ƙare da tsirkiyoyi masu tsawon da za su yanke masa yatsu.

Mataki na biyu: yatsa da tsirkiya

Mafi yawan zizar da ke damun mai koyo a watannin farko daga hannunsa take, kuma wannan albishir ne, tunda gyaran kyauta ne. Wurin danna tsirkiya shi ne dab da bayan ƙarfen gaɓa. In yatsa ya zauna a tsakiyar gaɓa ko can baya, tsirkiya ba ta kwanta sosai a kan ƙarfen ba, sai ta yi ta rawa a kansa. In ya hau kan ƙarfen, sauti ya dushe. Da kan yatsa ake dannawa, yatsan a tanƙware, farce a yanke, babban yatsa yana tokare da bayan wuya. Makonnin farko kan yatsu suna zafi kafin su yi kanta, kuma zafin nan yakan sa mutum ya sassauta dannawa bai sani ba. Haka nan hannun dama: wanda ya saba da bugun garaya ko ganga yakan sauke wa jita ƙarfin da ba ta bukata, alhali ƙarar jitar lantarki a amfilifaya take, ba a dantse ba. Hanya mafi sauri ta raba gardama ita ce a miƙa jitar ga wanda ya iya. In ta yi shiru a hannunsa, an gano mai laifi.

Bayan yatsa sai ɗauri. Tsirkiyar da ta saki tana lilo mai faɗi. Yau kowace wayar hannu tana iya ɗaukar manhajar saita tsirkiya, kuma wajibi ne a saita duka shidan kafin a auna komai, domin duk awon da aka yi a kan sakakkiyar tsirkiya ƙarya ne. Sannan a duba tsirkiyoyin kansu. Wadda ta yi tsatsa, ko ta lanƙwashe a wani wuri, ko naɗinta ya fara warwarewa, za ta yi ziza ko a kan jitar da ba ta da aibi. A lura da kauri wajen sauyawa. Ana sayar da su ne da lambar mafi siranta, kamar lamba 9 ko lamba 10. Wanda ya cire lamba 10 ya sa lamba 9 ya rage nauyin da ke jan wuya, sai sandar ciki ta rinjaya, wuyan ya miƙe fiye da da, ziza ta bayyana inda babu ita jiya.

Mataki na uku: ina take fitowa?

In hannu da tsirkiya sun kuɓuta, sai a ɗauki takarda da biro. A bi kowace tsirkiya gaɓa bayan gaɓa, daga sama har ƙasa, ana rubuta inda ta yi ziza. Abin da zai fito a takardar nan shi ne rabin gyaran.

Idan tsirkiya tana ziza ne kawai a sake, wato ba a danna ko'ina ba, amma da an danna gaɓar farko sai ta yi shiru, to tsagar jakin sama ce ta yi zurfi. A danna gaɓa ta uku a duba saman ƙarfen farko, ya kamata a ga ɗan haske kamar silin gashi. In tsirkiya ta kwanta a kansa, an tabbatar. Ɗan guntun takarda da aka cusa cikin tsagar zai riƙe na ɗan lokaci kafin a samu sabon jaki.

Idan zizar ta taru a gaɓoɓi biyar na farko, wuya ne ya miƙe da yawa ko ya gantsare baya. Lafiyayyen wuya yana da 'yar lanƙwasa zuwa gaba kamar baka, domin ya ba tsirkiya filin lilo. Ga yadda ake aunawa: a danna mafi kaurin tsirkiya a gaɓar farko da kuma ta ƙarshe a lokaci guda, wani ya taya da hannu ɗaya, sannan a duba tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe na takwas. Kamfanin Fender yana ba da shawarar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ga yawancin jitocinsa, wato kaurin takardar rubutu biyu zuwa uku. In babu tazara ko kaɗan, sandar ciki ta ɗaure da yawa, sai a sassauta ta. A nan ne ake bukatar natsuwa. A nemi alanki daidai da bakin notin, domin wanda bai yi daidai ba zai cinye bakin. Juyi zuwa dama yana ɗaurewa ya miƙar da wuya, juyi zuwa hagu yana sassautawa ya bar tsirkiyoyi su lanƙwasa shi. Kada a wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a karo guda, iyaka rubu'i. A sake saita tsirkiyoyi, a bar itacen ya huta wasu sa'o'i, sannan a sake aunawa. A rubuta yawan juyin da aka yi domin a iya komawa. In notin ya ƙi motsi, a tsaya nan, domin sandar da ta karye a cikin wuya gyaranta yakan fi kuɗin jitar gwanjo.

Idan zizar tana ko'ina, ko kuma ta fi yawa daga gaɓa ta 12 zuwa gaba, jakin ƙasa ne ya yi ƙasa. Gaɓa ta 12 ita ce daidai rabin tsirkiya, kuma a can aka saba auna tsayi. Milimita ɗaya da rabi zuwa biyu shi ne abin da akasarin makaɗa ke zama a kai. Wanda ba shi da ma'auni ya haɗa katin cirar kuɗi biyu, kaurinsu ya kai kusan milimita ɗaya da rabi. In sun shiga da ƙyar suna ɗaga tsirkiya, a ɗaga jakin da ƙananan ƙusoshinsa, rabin zagaye a lokaci guda. Tsarin yana da muhimmanci: wuya ake fara daidaitawa, sannan jaki. Wanda ya yi ta ɗaga jaki alhali wuya ne ya gantsare, ya yi maganin ciwon kai ne ga mai ciwon ciki. A kuma duba maganaɗisu, domin in ya matso kusa da tsirkiya ainun yakan ja ta ya ɓata lilonta, wani lokaci har ta buge shi.

Idan kuwa wuri ɗaya ne rak yake ziza, gaɓar gabansa da ta bayansa lafiya, to ƙarfen da ke gaba ne ya fi 'yan uwansa tsawo, ko wanda ake dannawa ya cinye. A ɗora gefen wani abu miƙaƙƙe, wanda zai hau ƙarafa uku kacal. In ya yi lilo a kan na tsakiya, shi ne ya taso.

Hunturu da damina

Akwai dalilin da littattafan Turawa ba sa ba shi nauyin da yake da shi a wurinmu, wato yanayi. Masu ƙera jita sukan ce a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A ƙasar Hausa kuwa, danshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu, ya haura 70 a watan Agusta. Itace yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ruwansa da danshi. Shi ya sa a hunturu bakunan ƙarafan gaɓa sukan leƙo ta gefen wuya suna kartar hannu, wani ma ya saki daga tsagarsa ya taso. Da damina ta kankama kuma, sau da yawa fuskar wuyan takan kumbura ta miƙar da shi, jitar da ta yi shiru a Janairu ta wayi gari tana ziza. Saboda haka mai jita a nan ya sa a ransa cewa zai auna wuya aƙalla sau biyu a shekara, farkon hunturu da tsakiyar damina. Ya riƙa ajiye ta cikin jakarta, nesa da taga da rufin kwano, kuma kada ya bar ta a bayan mota a watan Afrilu.

Inda ya kamata a tsaya

Duk abin da aka ambata zuwa nan, in ban da ƙarfen da ya taso, mai koyo zai iya yinsa da alanki da sukundireba, kuma in ya kuskure zai iya juyawa baya. Amma goge ƙarafan gaɓa, da zurfafa tsagar jakin sama, da gyaran wuyan da ya murɗe, waɗannan aiki ne da ba ya komawa. Abin da magagari ya ci ya tafi ke nan. Wanda ya goge ƙarfe ɗaya fiye da kima ya mayar da na gabansa mai tsawo, ya bi shi ya goge, haka zai yi ta bi har ya kai ƙarshen wuya, ya tashi da itacen girki mai tsirkiya shida.

A nan ne kuma giɓinmu yake. Kiɗan fiyano ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa tun daga shekarun 1990, masu gyaran kayan tsirkiya kuwa ba su da yawa a garuruwanmu, har saurayi yakan rasa wanda zai kai wa jitarsa. Alhali ƙasar da take da masassaƙa da maƙera da masu gyaran agogo da wayar hannu ba ta rasa hannun da zai iya wannan aiki ba, koyarwa kawai ta rasa. Zai kyautu sassan koyar da kiɗa na kwalejojin ilimi da makarantun koyon sana'a su sa daidaita jita cikin darussansu, su kuma tsofaffin makaɗa su riƙa nuna wa yaransu awon wuya a ranar da suke nuna musu riƙon tsirkiya.

Kafin a kai can, shawara ga mai koyo ita ce ya riƙe jerin nan kamar yadda ya riƙe sunayen tsirkiyoyinsa: kunne, yatsa, ɗauri, tsirkiya, wuya, jaki, sannan gwani. Ya sauya abu ɗaya a lokaci guda, ya saurara, ya rubuta. Mutumin da ya fara da wayar birkin keke ya kai ga manyan dandalin duniya, don haka wanda ya samu jita sukutum, ko ta gwanjo ce, bai kamata 'yar tazarar da ba ta kai kaurin takarda uku ba ta raba shi da kiɗa.